Idan an shanye maganin tarin fuka amma tari bai tafi ba

Yau zancen tari za mu yi, amma ba tarin mura da ke zuwa da sanyi ya wuce bayan kwana biyar ba. Tarin da nake nufi shi ne wanda ke zama a ƙirjin mutum wata da watanni yana cin jikinsa a hankali, har a kai shi asibiti a ce tarin fuka ne, a ɗora shi a kan magani na wata shida, ya shanye tas bai tsallake ko rana ɗaya ba, amma ya ci gaba da tari yana ramewa. A irin wannan hali ne surutu ke tashi a gida. Wani ya ce ai ba ya shan maganin, zubarwa yake yi. Wata ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa. Daga nan sai a kwashi mara lafiya a shiga yawon gidajen masu magani, kuɗi na ƙarewa, jiki na ƙara lalacewa. Abin da nake so ki sani shi ne akwai wata cutar huhu da ke sanye da rigar tarin fuka sak, wadda maganin tarin fuka ba ya gamawa da ita, kuma gano ta sai da wani gwaji na daban wanda sau da yawa ba a yin sa sai an nema.

Ƙwayar da ke jawo tarin fuka ba ita kaɗai ba ce a gidansu. Tana cikin wani babban dangi na bakteriya da masana ke kira maikobakteriya, ita ce dai ta fi yin suna tun da likitan nan Bajamushe, Robert Koch, ya gano ta a shekarar 1882. Ƙwayar kuturta ma 'yar gidan ce. Ban da su akwai sauran dangi fiye da iri 190, waɗanda likitoci suka haɗa a ƙarƙashin suna guda, NTM, ma'ana maikobakteriyar da ba ta tarin fuka ba. Su waɗannan ba a jikin mutum suke zaune ba. Gidansu ƙasa ne da ƙura da ruwa: ƙasar gona, ƙasar lambu, bututun famfo, cikin tankin ruwa, da kan shawar banɗaki inda dattin nan mai yauƙi ke taruwa. Jikinsu na da wani lulluɓi mai kama da kakin zuma, shi ya sa sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo ba ya iya kashe su duka. Ni da ke duk muna shaƙar su muna kuma shan su, kuma mafi yawanmu babu abin da suke yi mana, domin lafiyayyen huhu yana share su ya fitar.

Matsala tana farawa ne idan huhu ya riga ya samu rauni. Abin tausayin shi ne wanda ya taɓa yin tarin fuka na gaskiya ya warke yana sahun gaba, saboda ciwon kan bar tabo da kogo a huhu, kan kuma sa hanyoyin iska su buɗe su saki, sai majina ta riƙa kwanciya a ciki kamar ruwa a kwatar da ta toshe. Nan ne ƙwayar ke samun wurin zama. Haka wanda sigari ta cinye wa huhu, da iyayenmu mata da suka shekara talatin ko arba'in suna tsugune gaban murhu suna shaƙar hayaƙin itace. Akwai masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, musamman waɗanda ba sa shan maganinsu, wanda su ƙwayar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, tana iya bazuwa cikin jini. Akwai masu shan magungunan da ke danne garkuwar jiki na tsawon lokaci, irin su deksametason da firedinisolon. A nan dole in ɗan tsaya, domin wannan deksametason ɗin shi ne wasu 'yan matanmu da matan aure ke saye a kemis don su yi ƙiba su ciko. Ba ƙibar lafiya yake sayar miki ba, kuma garkuwar jikinki ce kike biya da ita.

Sai kuma wani rukuni da ya daɗe yana ba likitoci mamaki: mata dattijai, sirara, waɗanda al'ada ta ɗauke musu, ba su taɓa shan sigari ba, ba su kuma da wani ciwon huhu da aka sani. A shekarar 1992 wasu likitoci biyu a Amurka suka yi hasashen cewa irin waɗannan matan suna danne tarinsu ne saboda kamun kai, ba sa son a ji su suna kaki a cikin mutane, sai majina ta taru a wani lungu na huhu. Wasu masanan ba su yarda da wannan bayanin ba, suna ganin yanayin halittar jikin matan ne da sauyin da ke zuwa da shekaru. Duk da haka, ke da kika san yadda tsofaffinmu suke da kunya da kawaici, ki bar Inna ta yi tarinta ta fitar da abin da ke ƙirjinta. Haɗiye shi ba ladabi ba ne da zai amfane ta.

Alamun kuwa babu wanda zai raba miki su da na tarin fuka da ido. Tari mai daɗewa, da kaki ko babu, wani lokaci da ɗigon jini. Kasala mai nauyi wadda barci ba ya maganinta. Rama, rashin son abinci, zazzaɓi mai zuwa da yamma, gumin dare, haki idan an ɗan yi tafiya. Bambancin da akan lura da shi kawai shi ne ita wannan ta fi tafiyar hawainiya, tana iya ɗaukar shekaru tana lafawa tana tashi.

Kada wannan bayanin ya sa ki raina tarin fuka. A ƙasarmu, idan tari ya kai mako biyu, shi ne abin farko da za a nema, kuma mafi yawan lokuta shi ake samu. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu kamuwa da shi, kusan mutum dubu 500 a shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma shirin yaƙi da cutar na ƙasa yana da lambar kira ta kyauta, 3340, da za ta nuna miki cibiya mafi kusa. Wanda aka tabbatar yana da shi aka ɗora a kan magani, kada ya kuskura ya daina don ya karanta wannan shafin. Maganar da muke yi ta wanda labarinsa ya ƙi daidaituwa ce.

To, ta yaya ake rikita su? Tsohon gwajin da aka fi sani shi ne a shafa kaki a gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Duk 'yan wannan dangin idan aka rina su launi ɗaya suke ɗauka, siffa ɗaya suke nunawa, 'yan sanduna jajaye. Mai dubawa ya ga maikobakteriya, amma madubi ba zai gaya masa wace ce a cikinsu ba. A ƙasar da tarin fuka ya yi yawa, sai a ɗauka shi ne, kuma galibi an yi daidai. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Hoton ƙirji ma ba ya raba gardama, domin duka biyun suna iya huda kogo a saman huhu.

Na'urar GeneXpert ta kawo sauƙi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, Nijeriya kuma ta mai da ita gwajin farko a 2016. Cikin kamar awa biyu tana faɗin ko akwai ƙwayar tarin fuka a kaki, da kuma ko ƙwayar tana jin babban maganin nan rifamfisin. Sai dai ita ƙwayar tarin fuka kaɗai ta sani, sauran dangin ba ta ganinsu. Ga inda nake so ki riƙe da kyau: idan madubi ya ce an ga ƙwaya a kaki, amma GeneXpert ta ce babu tarin fuka, wannan saɓanin ba lallai ne kuskuren ɗakin gwaji ba. Yana daga cikin manyan alamun da ke sa likita ya yi tunanin NTM. Kada ki bari a jefar da ɗaya takardar a riƙe ɗaya. Ki haɗa su biyun ki kai wa likita, ki nuna masa sun saɓa.

Kada ki ɗauka wannan ciwon Turawa ne da ba ya zuwa nan. Wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda aka yi a cibiyoyi biyu a Jihar Kaduna, ciki har da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye da ke Zariya, ya duba kakin mutum 1,603 da ake zargin suna da tarin fuka. An samu maikobakteriya a kakin mutum 444, kuma a cikinsu 69, wato kashi 15 cikin ɗari, NTM ce ba tarin fuka ba. Masu binciken sun kuma lura an fi samun su a watannin hunturu, lokacin da hazo da ƙura suka rufe gari, kuma an fi samu a waɗanda suka haura shekara 35. A Bamako ta ƙasar Mali ma, wani bincike na 2012 ya duba mutanen da aka yi ta maimaita musu maganin tarin fuka ba su warke ba, ya tarar kusan kashi 18 cikin ɗari NTM ce ke damunsu. Ki yi tunanin watannin da waɗannan bayin Allah suka kwashe suna haɗiyar ƙwayoyin da ba na ciwonsu ba ne, ana kuma yi musu kallon masu wasa da magani.

Ba NTM kaɗai ke sa tari ya ƙi tafiya bayan magani ba, kuma likita mai natsuwa zai bi sauran dalilan ɗaya bayan ɗaya. Yana iya zama tarin fuka mai bijire wa magani. Yana iya zama ƙwayar ta mutu amma tabon da ta bari ne ke sa tari. Akwai wani nau'in fumfuna da ke shiga tsohon kogon huhu ya zauna, yana sa tarin jini. Akwai asma, akwai kansa, akwai ciwon zuciya, wanda a yankinmu ba baƙo ba ne ga mata bayan haihuwa, yana zuwa da tari da haki da kumburin ƙafa. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda ake ganewa da hasashe.

Gwajin da ke warware wannan ƙulli shi ne wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira kalca. Shuka ce ake yi. Ana sa kakin a cikin wani abinci na musamman a kwalba, a ajiye a ɗumi, a jira ƙwayar ta tsiro ta yi yawa, sannan a tantance ko wace iri ce da kuma magungunan da take ji. Wasu nau'o'in kan tsiro cikin mako guda, amma mafi yawansu sai an jira mako biyu zuwa shida, wani lokaci har takwas. Wannan jiran yana da cin rai, na sani, amma ba sakaci ba ne, haka ƙwayar take da nawar girma. Ba kowane asibiti ke yin sa ba. A Arewa akan tura kaki zuwa manyan ɗakunan gwaji irin na Saye a Zariya, da na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jos da na Maiduguri. Ba sai kin ɗauki mara lafiya kin yi doguwar tafiya da shi ba tun farko, ki tambayi jami'in tarin fuka na ƙaramar hukumarku yadda ake tura samfur.

Yadda ake ba da kakin ma yana da muhimmanci, kuma nan ne aikinki yake. Da asuba ake so, kafin a ci komai. Daga can cikin ƙirji za a kakaro, ba yawun baki ba. Idan za a kurkure baki kafin nan, a yi da ruwan da aka tafasa ya huce, ba ruwan famfo kai tsaye ba, domin shi kansa ruwan famfon yana iya ɗauke da ƙwayar ya ɓata sakamakon. A rufe robar da kyau a kai da wuri. Akan nemi samfur uku a ranaku dabam-dabam.

Dalilin maimaitawar shi ne, tunda ƙwayar tana ko'ina, ganinta sau ɗaya a kaki ba ya nufin ita ce ke cin huhu. Wataƙila wucewa take yi. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitoci na Amurka suka fitar a 2007, suka kuma sabunta tare da na Turai a 2020, ta ce sai abubuwa sun haɗu kafin a ce mutum yana da ciwon: yana da alamu, hoton ƙirji ko na siti-sikan ya nuna irin ɓarnar da aka san ƙwayar da ita, an kawar da sauran cututtuka, sannan iri ɗaya na ƙwayar ya tsiro a samfurin kaki aƙalla biyu da aka karɓa daban. Wanda ba ya iya fitar da kaki, akan zura masa siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki zuwa huhu a wanko ruwan ciki, kuma a irin wannan samfur ɗaya ya wadatar. A takardar sakamako za ki ga suna da harshen Latin. Mycobacterium avium da Mycobacterium intracellulare su ne aka fi samu, kuma ana haɗa su a kira su MAC. Akwai Mycobacterium kansasii mai sauƙin magani, akwai kuma Mycobacterium abscessus, wadda ita ce mai taurin kan gidan. Ki adana wannan takardar kamar takardar fili, ki kuma ɗauki hotonta a waya, domin duk maganin da za a zaɓa a kan wannan sunan ya rataya.

Ga wani labari mai sanyaya zuciya. Saɓanin tarin fuka, wannan ciwon ba a san shi da bin iska daga mutum zuwa mutum a zaman gida ba. Daga ƙasa da ruwa ake samunsa. Saboda haka idan an tabbatar NTM ce, babu dalilin ware wa Baba kwanonsa da kofinsa, ko hana jikoki shiga ɗakin kaka, ko mayar da matar aure gidansu wai sai ta warke. Na san gidajen da kalmar tarin fuka kaɗai ke girgiza aure, alhali shi ma tarin fukan, da zarar an fara shan maganin da ya dace, haɗarin yaɗa shi yana raguwa sosai cikin 'yan makonni. Ita kuwa wannan, ko wannan fargabar ba ta taso ba. Ki faɗa wa dangin miji haka, in ta kama ki roƙi likita ya faɗa musu da bakinsa, don sun fi jin maganar mai farar riga.

Wani abin da zai iya ba ki mamaki shi ne likita ya ce ba zai fara magani yanzu ba. Idan ciwon bai yi nisa ba, babu kogo a huhu, alamun ba su da tsanani, wani lokaci akan zaɓi a sa ido, ana maimaita gwajin kaki da hoto lokaci-lokaci, domin wasu jikinsu kan kore ƙwayar da kansa, maganin kuma ba wasa ba ne. Amma idan akwai kogo, ko madubi yana ganin ƙwayar a kaki, ko mara lafiya yana ta zubewa, to ba a jira.

Maganin MAC haɗin ƙwayoyi uku ne: azitromaisin ko 'yar uwarsa klaritromaisin, da etambutol, da rifamfisin. Biyun ƙarshe suna cikin maganin tarin fuka, shi ya sa wasu kan ji ɗan sauƙi a farko su ɗauka an dace, daga baya ciwo ya dawo. Sauran biyun da ke cikin haɗin tarin fuka, isoniyazid da firazinamaid, ba su da wani tasiri a kan MAC, kuma ginshiƙin maganin, azitromaisin, babu shi a ciki sam. Mai ciwo mara tsanani akan ba shi sau uku a mako. Mai kogo a huhu kullum zai sha, kuma akan ƙara masa allurar amikasin na wata biyu zuwa uku a farko. Tsawon lokacin ne ke karya gwiwa: ba daga ranar da aka fara ake ƙirge ba, daga ranar da kaki ya daina tsirar da ƙwayar ake ƙirga wata 12 cur. Idan aka haɗa, shekara ɗaya da rabi ba abin mamaki ba ne. Duk wata ɗaya ko biyu za a riƙa kai kaki don a ga inda aka kwana. Ko da an bi komai daidai, kamar mutum shida cikin goma ne ke rabuwa da ƙwayar, kuma tana iya dawowa, sau da yawa sabuwa ce aka sake shaƙa tunda raunin huhun yana nan. Ita kuwa abscessus, sai an haɗa da magungunan jijiya na makonni, wani lokaci har a yanke ɓangaren huhun da ya lalace. A Amurka an amince da wani nau'in amikasin da ake shaƙa a 2018 domin waɗanda haɗin farko ya gaza musu, amma tsadarsa ta sa ba abin da za mu dogara da shi ba ne a nan.

Yanzu ga inda na fi so ki buɗe kunne. Tun zamanin korona azitromaisin ya zama kamar farasitamol a gidajenmu. Tari kaɗan, a aika yaro kemis ya sayo mai ƙwaya uku. Ga mai ɗauke da MAC bai sani ba, babu abin da ya fi wannan haɗari. Idan ƙwayar ta yi ta haɗuwa da azitromaisin shi kaɗai, ba tare da sauran biyun da ke kare shi ba, sai ta koyi bijire masa. Da zarar ta bijire, an rasa makami mafi ƙarfi, kuma damar warkewa tana faɗuwa ƙasa warwas. Haka abin yake ga wanda aka ɗora a kan ukun, ya ga kuɗi sun yi kaɗan ko ɗaya yana tayar masa da zuciya, sai ya ajiye etambutol ya ci gaba da sauran. Gara ya koma wa likita ya ce ba zai iya ba, a sake lissafi tare, da ya yi wa kansa ragi. Kuma zancen kuɗi gaskiya ne, domin tsarin kyauta na tarin fuka ne, wannan kuwa sau da yawa iyali ne ke ɗaukar nauyinsa. Ku zauna da 'yan uwa tun kafin a fara, a san wa zai ɗauki wane wata. Fara shi a yanke a tsakiya ya fi rashin farawa muni.

Tunda ke ce mai jinya a gida, ke za ki fara ganin illar magani kafin kowa. Etambutol yana iya taɓa jijiyar ido. Idan mai shan sa ya ce gani ya dushe, ko ya kasa raba ja da kore, a dakatar da shi a ga likita a ranar, ba a jira ranar da aka ba da ba. Yana da kyau a auna ido tun kafin a fara. Amikasin yana iya taɓa ji da ƙoda, azitromaisin ma kan taɓa ji idan an daɗe ana sha, don haka ƙara a kunne, jiri, ko ki lura sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki, duk abin faɗa ne. Rifamfisin yana mai da fitsari da gumi da hawaye ruwan lemo, wannan ba komai ba ne, kada ya tsorata ki. Amma idan farin ido ya koma rawaya, ga amai da ciwon ciki, hanta ce ke kuka, a tafi asibiti.

Akwai wadda ta shafe mu mata kai tsaye. Rifamfisin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa na sha, da ashanar da ake sawa a dantse. Mace na iya ɗaukar ciki tana tsammanin tana da kariya, a daidai lokacin da jikinta ba shi da ƙarfi kuma tana kan magungunan da wasunsu, kamar amikasin da klaritromaisin, ba a so mai ciki ta yi amfani da su. Allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan matsalar. Ki faɗa wa likita abin da kike amfani da shi ko da bai tambaya ba, haka idan kina da ciki ko kina shayarwa. Mai shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ko na suga, ko na tsinka jini, shi ma ya faɗa, domin rifamfisin yana taɓa aikin magunguna da yawa. Kuma tunda jinyar za ta ratsa watan azumi aƙalla sau ɗaya, a tambayi likita tun da wuri yadda za a tsara lokutan sha, kada a yi shiru a tsallake.

Ƙwaya kaɗai ba ta isa ba, sai an taimaka wa huhu ya fitar da abin da ya kwanta a ciki. Likitocin gashi suna koyar da dabarun numfashi: a ja iska a hankali har ƙirji ya cika, a ɗan riƙe, sannan a huro da ƙarfi da baki a buɗe kamar mai son ya sa madubi ya yi hazo, a maimaita har kaki ya taso. Safe da yamma, kullum. Tafiya a ƙafa ma tana taimakawa. Sai abinci, domin an lura masu ƙarancin nauyi sun fi shan wahala da wannan ciwon. Ba sai da kayan gwangwani masu tsada ba. Ƙwai, wake, alale, kunun gyaɗa, kifi, nonon da aka dafa, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana ga wanda ba ya son ci. Ki riƙa auna nauyinsa duk wata kina rubutawa. Mai fama da ƙwannafi a yi maganinsa, ya daina kwanciya da cikakken ciki, a ɗaga masa wajen kai, saboda abin da ke tasowa daga ciki cikin dare yana iya zarcewa huhu.

Ba za a iya raba mutum da ƙasa da ruwa ba, amma ga mai raunin huhu ana iya rage yawan abin da yake shaƙa. A yayyafa ruwa kafin a share tsakar gida, kuma kada shi ya yi sharar. Ya rufe hanci da baki ranar da hazo ya sauko, ko idan zai taɓa taki da busasshiyar ƙasa. A riƙa kwance kan shawa ana wankewa, a bar tagar banɗaki a buɗe, a wanke tankin ruwa. Idan da hali a fitar da murhu waje inda iska ke kaɗawa.

Yara kuwa, ba kasafai wannan ƙwayar ke kama musu huhu ba. Abin da aka fi gani a 'yan shekara ɗaya zuwa biyar shi ne ƙullutu a gefe ɗaya na wuya ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ba zafi, ba zazzaɓi, yaro na wasansa, a hankali fatar wurin ta canza launi ta yi laushi. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, domin yana iya zama gyambon da zai yi watanni yana tsiyaya. A asibiti za a fara tabbatar da cewa ba tarin fuka na wuya ba ne, wanda shi ya fi yawa a wurinmu, in kuma NTM ce, sau da yawa tiyata ake yi a cire ƙullutun gaba ɗaya.

Idan kina da wanda ya shanye maganin tarin fuka amma yana nan yadda yake, ki tattara katin maganinsa, da duk takardun gwajin kaki, da tsofaffin hotunan ƙirji har da waɗanda kike ganin sun tsufa, ku je babban asibiti ku nemi ganin likitan huhu. Ki tambaye shi cikin ladabi: an taɓa tabbatar da tarin fukan nan da GeneXpert, ko da madubi da hoto kawai aka dogara? Za a iya tura kakinsa a yi kalca a tantance irin ƙwayar? Masu tambaya a ƙasan wannan shafi, ku rubuto ba tare da sa sunan mara lafiya ko hoton takardunsa ba, zan ɗauki waɗanda suka fi yawa mu duba su a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.